Tuffa, Kara da Takarda: Tarihin Adon Kirsimeti na Aikin Hannu a Ƙasashen Turai

1. Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kanti a babban birni cikin watan Disamba, ya ga ƙwallaye masu walƙiya da zaren ƙyalƙyali da fitilun lantarki, zai iya zaton adon Kirsimeti tun asalinsa kayan saye ne, kuma wanda ya yanka takarda ya liƙa da hannunsa yana kwaikwayon abin da ya fi ƙarfin aljihunsa ne. Nufin wannan maƙala shi ne ta nuna tarihi ya saɓa wa wannan zato. Aikin hannu shi ya rigaya. Ma'aikata daga baya ta zo, kuma da ta zo, siffar abin da a ke ratayawa a gida ta kwaikwaya. Har wa yau, duk sa'ad da yaƙi ya toshe hanyar ciniki, ga aikin hannu mutane su kan koma.

Akwai wata wahala da ya kamata a ambata tun da fari, gama ta shafi duk mai binciken tarihin talakawa. Kayan araha ba su daɗewa. Tuffa a kan cinye ta, takarda a kan hura wuta da ita bayan biki, kara kuwa ya kan karye a zubar. Abin da ya tsira har ya kai gidajen ajiye kayan tarihi yawancinsa na gilashi ne ko na ƙarfe, watau kayan masu hali. Mai bincike in ya dogara ga abin da idonsa ya gani a waɗannan gidaje kaɗai, tarihin attajirai zai rubuta yana tsammani tarihin jama'a ya rubuta. Saboda haka dole a nemi shaida a wurare dabam: littattafan lissafin kuɗin gari da na majami'a, da wa'azin malamai, da mujallun mata, da umarnin gwamnati na lokacin yaƙi. Za mu fi mai da hankali ga ƙasashen da a ke jin Jamusanci da kuma Ingila, sa'an nan mu leƙa Arewacin Turai da Amurka inda zancen ya kai mu.

2. Ɗanyen ganye da tuffa

Ado mafi tsufa shi ne ɗanyen ganye, wanda ba shi da tsada sai ta wahalar zuwa daji. A Turai Kirsimeti ya kan faɗo ne a tsakiyar hunturu, lokacin da yawancin itatuwa sun kaɗe, don haka 'yan itatuwan da ba su zubar da ganye su kan zama abin sha'awa. John Stow, cikin littafinsa na bayanin birnin Landan wanda ya fito a 1598, ya ambata cewa al'ada ce a ƙawata gidaje da majami'u da duk wani kore da lokacin ya samar. Littattafan lissafi na majami'un Ingila na ƙarni na 15 da na 16 sun gaskata shi, gama a cikinsu ana ganin 'yan kwabban da a ke kashewa kowace shekara wajen sayen irin wannan ganye.

Itacen Kirsimeti kuwa daga yankin Alsace ne mu ke da shaidarsa mafi ƙarfi. Yankin yana cikin Faransa yanzu, amma a wancan zamani ƙasar masu jin Jamusanci ce. Littafin lissafin garin Sélestat na 1521 ya nuna an biya masu gadin daji sule 4 domin su tsare itatuwa tun daga ranar 21 ga Disamba. Ba a sa gadi a kan abin da babu mai so. Ashe ke nan saran itacen fir domin biki ya riga ya yawaita har ya dami hukuma. Masana da yawa suna danganta al'adar da wasan kwaikwayon Adamu da Hawwa'u wanda a kan yi ranar 24 ga Disamba, inda a kan kafa itace a rataya masa tuffa ya tsaya a madadin itacen da aka hana su ci.

Bayani na farko mai cikakken fasali ya zo daga birnin Strasbourg a 1605. Marubucin ya ce a kan kafa itacen fir a cikin ɗaki, a rataya masa furanni da aka yanka daga takarda mai launi iri iri, da tuffa, da wata 'yar siririyar waina, da ɓawon ƙarfe mai ruwan zinariya, da alewa. Mai karatu ya dubi wannan jeri da kyau. Uku daga cikin biyar ɗin abinci ne, ɗaya kuwa aikin almakashi ne. Ɓawon ƙarfen ne kaɗai ya ke bukatar maƙeri. Bayan shekara arba'in ko kusa da haka, wani babban mai wa'azi na wannan birni, Johann Conrad Dannhauer, ya soki al'adar, ya kira ta wasan yara wanda ke ɗauke hankali daga ibada. Sukarsa ta amfane mu, domin ta tabbatar cewa a kan girgiza itacen a ƙarshe a kwashe abin da ke kansa. Watau adon wancan zamani ba don ajiya a ke yinsa ba. Rabonsa shi ne ya ƙare a cikin yara.

Amma fa kada a zarce da zance. Tuffa da alewa da takarda mai launi a 1605 kayan mazauna birni ne masu ɗan abin hannu, irin 'yan kasuwa da masu sana'a. Manomin ƙauye yana da nasa adon dabam.

3. Adon manomi

Abin da manomi ya ke da shi a wadace bayan girbi shi ne kara. Karan alkama da na dangoginta siriri ne, yana da rami a ciki kamar bututu, yana da sheƙi kamar zinariya, ga shi kuwa ba a saye. Daga gare shi mutanen Arewaci da Gabashin Turai suka fitar da wata sana'a mai ban mamaki. A Finlan ana kiranta himmeli, kalmar da aka aro daga harsunan Jamusanci da Suwidanci inda tushenta ke nufin sama. Ga yadda a ke yi: a yanka kara gunduwa 12 masu tsawo ɗaya, a zura zare a cikinsu, a ɗaure su su ba da siffa mai fuska 8, kowace fuska mai kusurwa uku. Sa'an nan a yi ta haɗa ƙanana da manya, a rataya a rufin ɗaki bisa teburin cin abinci. Da ya ke ba shi da nauyi, zafin murhu kaɗai ya isa ya sa shi juyawa a hankali. Manoma sun ɗauka cewa gwargwadon girmansa, gwargwadon albarkar gonar baɗi. A Folan da Lituweniya akwai irinsa da sunaye dabam, kuma a 2023 hukumar UNESCO ta shigar da na Lituweniya cikin jerin al'adun da suka cancanci kiyayewa. A Suwidin kuma a kan ɗaure kara a yi siffar bunsuru, a naɗe shi da jan ƙyalle.

Abin lura a nan shi ne wannan ado ba maye gurbin wani abu mai tsada ya yi ba. Kara yana da tasa ma'ana: yana tuna wa manomi amfanin gona, yana kuma tuna wa Kirista komin dabbobi inda Linjila ta ce aka kwantar da jariri Almasihu. Arahar abu ba ta rage masa daraja ba a idon masu yinsa.

4. Zuwan gilashi

Lauscha wani ƙaramin gari ne a cikin duwatsun Thuringia, a tsakiyar Jamus, ƙasa mai daji da sanyi wadda noma ba ya ciyad da mutanenta. A 1597 Hans Greiner da Christoph Müller suka kafa ma'aikatar gilashi a wurin, garin ya girma a gindinta. Mutanensa sun daɗe suna busa duwatsun ado na gilashi kafin su juya ga kayan Kirsimeti. Shaida ta farko a rubuce tana cikin littafin cinikin wani mai busa gilashi na 1848, inda aka rubuta odar ƙwallaye dozin 6 masu girma iri uku.

Akwai labarin baka da a ke bayarwa a Lauscha, wai wani matalaucin mai busa gilashi ne ya rasa kuɗin tuffa da 'ya'yan itace masu ɓawo, sai ya busa wa 'ya'yansa kamanninsu. A yankin Lorraine na Faransa ma akwai makamancinsa, wai fari ya hana tuffa yi a 1858, sai wani mai gilashi na Goetzenbruck ya cike gurbin da ƙwallaye. Waɗannan labarai ne na baka, ba a kafa hujjar tarihi a kansu. Duk da haka sun dace da abin da kayan da kansu su ke nunawa, gama siffofin farko na 'ya'yan itace ne, kuma jan ƙwallon da ya cika kantuna a yau jikan tuffa ne.

A 1867 aka kafa ma'aikatar iskar gas a Lauscha, masu busa suka sami harshen wuta mai zafi wanda ba ya rawa, suka iya busa ƙwallaye manya masu siririn jiki. Aka kuma koyi shafe cikinsu da ruwan azurfa. Wajen 1880 wani ɗan kasuwar Amurka, F. W. Woolworth, ya sayi kaɗan domin gwaji, suka ƙare nan da nan, daga nan ya shiga saye da yawa shekara da shekaru. To, amma a ina a ke yin waɗannan kaya? A cikin gidajen talakawa. Maigida yana busa, uwargida tana zuba ruwan azurfa, yara suna shafa fenti suna sa marataya, dillalan garin Sonneberg kuwa su ke yanke farashi su kwashe riba. Ashe har adon saye ma aikin hannu ne na iyali. Bambancin kawai shi ne a wani gida a ke yinsa, a wani gida a ke rataya shi.

5. Takarda ta yi araha, makaranta ta shigo

A ƙarshen 1848 jaridar Illustrated London News ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albert, wanda Bajamushe ne, da 'ya'yansu sun kewaye itacen Kirsimeti a fadar Windsor. Ba shi ne itace na farko a fadar Ingila ba, gama Sarauniya Charlotte ta kafa wani tun a 1800, amma hoton ne ya kai al'adar gidajen jama'a. A 1850 mujallar mata ta Godey's Lady's Book a Amurka ta sake buga shi, ta cire kambin sarauniya da gashin bakin yarima domin su yi kama da iyalin Amurka. Sha'awa ta bazu, amma aljihu bai bi ta ba. Mujallun mata suka shiga koyar da yadda za a naɗe takarda kamar mazurari a cika da alewa, da yadda za a shafa wa ɓawon 'ya'yan itace ruwan zinariya. A Amurka, inda masara ta ke a yalwace, sai a zura gugguru a zare da allura, a gauraya shi da jajayen 'ya'yan itace, a kewaye itacen da shi.

Abu uku suka taru suka mai da takarda mai launi kayan kowa. Na ɗaya, wajen 1844 wani masaƙi Bajamushe, Friedrich Gottlob Keller, ya gano hanyar niƙa itace a yi takarda da shi, alhali kuwa a da sai da tsumma. Na biyu, a 1856 William Perkin, yana ɗan shekara 18, ya fitar da rini daga kwaltar gawayin ƙasa, wanda ya buɗe ƙofar rini mai araha. Na uku, a 1861 Ingila ta soke harajin takarda. Bayan wannan ne sarƙar takarda ta zama adon talakan Ingila: a yanka takarda siriri siriri, a lanƙwasa kowane yanki kamar zobe, a liƙa da kokon fulawa, a zura na gaba a cikinsa, har sarƙa ta kai daga kusurwar ɗaki zuwa kusurwa.

Sai dai arahar takarda ba ta koya wa hannu aiki. Wannan aikin makaranta ne, kuma a nan ne tarihin ya shafi malaman horo kai tsaye. Friedrich Fröbel, wanda aka haifa a 1782 a cikin dajin Thuringia ɗin nan, ba nisa da Lauscha, ya buɗe makarantar ƙananan yara a Bad Blankenburg, a 1840 ya raɗa mata suna mai ma'anar lambun yara. A ganinsa yaro da hannu ya ke fara fahimtar siffa da adadi, don haka ya sa naɗin takarda da yankanta da saƙarta cikin darussa. Gwamnatin Prussia ta hana irin waɗannan makarantu daga 1851 zuwa 1860, amma hanin bai kashe su ba, gama mabiyansa sun bazu: an buɗe ɗaya a Landan a 1851, wata a Watertown ta Amurka a 1856. Tauraron nan mai tsini 16 da a ke saƙawa da dogayen yankunan takarda 4, Jamusawa da sunan Fröbel su ke kiransa, ko da ya ke an san shi a Arewacin Turai kafin a laƙaba masa wannan suna. A Danmak kuma yara su kan saƙa takarda launi biyu su yi ɗan kwando mai siffar zuciya. Mafi tsufan da aka sani na hannun marubuci Hans Christian Andersen ne, na wajen 1860, yana ajiye a Odense, kuma makarantun ƙananan yara ne suka yaɗa shi daga baya.

Misali mafi bayyana shi ne tauraron Herrnhut. Ɗariƙar Morabiyawa, wadda ta kafa garin Herrnhut a yankin Saxony a 1722, tana da makarantun kwana inda a kan ajiye 'ya'yan masu wa'azinta da suka tafi ƙasashe masu nisa. A makarantarsu ta Niesky, cikin ƙarni na 19, tauraron ya fito daga darasin lissafin siffofi. A kan ɗauki siffa mai fuska 26, watau 18 masu kusurwa huɗu da 8 masu kusurwa uku, a kafa tsini na takarda a kan kowace fuska. In an bar fuska ɗaya domin shigar da fitila, tsini 25 ya rage. Yara suka riƙa yinsa kafin Kirsimeti, suka kai al'adar gidajensu. Sai a 1897 wani mai kantin littattafai, Pieter Hendrik Verbeek, ya shirya irin wanda a ke warwarewa a aika ta gidan waya, ya fara sayarwa. A nan ma aji ne ya rigayi kanti.

6. Abin da yaƙi ya tona

Yaƙin Duniya na Biyu ya yanke hanyar Lauscha zuwa kasuwanninta. A Amurka kamfanin Corning ya juya injinsa na ƙwan lantarki ga yin ƙwallayen ado a 1939, zuwa 1940 yana fitar da wajen 300,000 a rana, alhali gwanin mai busa da baki ba ya wuce 600. Amma da Amurka ta shiga yaƙin, azurfa da ƙarfe suka koma wajen kayan soja, aka riƙa sayar da ƙwallaye garau babu shafe, da marataya ta kwali.

A Ingila abin ya fi tsanani. A 1941 gwamnati ta hana masu kanti naɗe kaya da takarda, in ba abinci ba. A 1943 ta fitar da ɗan littafi mai koya wa mata gyaran tsofaffin kaya maimakon sayen sababbi. Sarƙar takarda ta koma ta tsohuwar jarida da aka shafa wa launi. Ma'aikatar Abinci ta ba da shawara a tsoma ɗanyen ganye cikin ruwan gishirin Ingila mai kauri, in ya bushe sai ya yi fari kamar ƙanƙara ta sauka masa. Daga Yuli 1943 kuma jiragen yaƙi suka fara zubo siraran yankunan alminiyam domin rikita na'urar hango jirage, kuma mutane da yawa da suka yi ƙuruciya a wancan lokaci sun ba da labarin yadda suka tsince su a gonaki suka rataya wa itacen Kirsimeti.

Darasin da ke ciki shi ne, mutanen 1943 ba ƙirƙira suka yi ba, tunawa suka yi. Sun iya domin kakanninsu sun iya, kuma makaranta ta koya musu riƙon almakashi tun suna ƙanana. Bayan yaƙi roba ta kori gilashi, aikin ya yi ta ƙaura zuwa inda ƙwadago ya fi araha. Rahotannin jaridu na 2014 sun ƙiyasta cewa birnin Yiwu na ƙasar Sin, da ma'aikatunsa wajen 600, shi ke yin kusan kashi 60 cikin 100 na adon Kirsimeti na duniya. Yau adon saye ya kan fi na hannu araha a wurare da yawa, abin da ba a taɓa gani ba a ƙarnukan da muka bi.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da abu uku. Na farko, kowace ƙasa da abin da ke kusa da hannunta ta yi ado: Alsace da tuffa, Finlan da kara, Amurka da gugguru, Ingila da takarda. Al'adar ba ta ɗaure ga wani kaya guda ba. Na biyu, ma'aikata ba ta ƙago siffofin ba, ta tarar da su ne ta yawaita su. Na uku, abin da ya riƙe sana'ar daga tsara zuwa tsara shi ne koyarwa, a gida da a aji.

Wannan na ƙarshe ya shafe mu. Hausa ita ce harshen ibada ga Kirista masu yawa a Arewacin Nijeriya, kuma tun 1932 a ke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. 'Ya'yan waɗannan gidaje suna cikin azuzuwan da ɗalibanmu za su koyar. Kirsimeti a nan ya kan zo ne bayan kaka, lokacin da karan dawa ya ke zube a ko'ina, kuma yaran da su ke fere ɓawon kara su soka shi a totuwa su ƙera mota ba su bukatar wanda zai koya musu cewa kara yana da amfani. Malamin aikin hannu in ya sa su zanen itacen fir da ƙanƙarar da ba su taɓa gani ba, ko ya nuna musu cewa ado sai na kanti, ya ɗauki ɓawon al'adar Turai ya bar ƙwayarta. In kuwa ya ba su kara da zare ya ce su haɗa siffa mai fuska 8, ya koyar da lissafi da sana'a a darasi guda, kuma darasin zai amfani Musulmi da Kirista baki ɗaya.

Ga masu bincike kuma akwai aiki. Abin da ya sami furannin takarda na Strasbourg yana samun kayan wasan yara da adon bukukuwa na ƙasarmu a kowace shekara: a yi su, a more su, a zubar. Jerin 1605 ya tsira ne domin wani ya ga bai ƙasƙanta ba ya zauna ya rubuta abin da kowa ya sani a zamaninsa. Ya kamata sassan nazarin Hausa su yi haka tun masu sani suna da rai: a rubuta sunayen kayan, da sunan kowane sashe nasu, da yadda a ke haɗa su, da lokacin shekara da a ke yinsu.